Abin da aka ɓoye cikin yadi: faɗuwar jirgin kayan Jidda a ƙasar Haɗeja

Ran 19 ga watan Disamba 1994, wani jirgin saman dakon kaya na kamfanin Nigeria Airways, ƙirar Boeing 707, ya tashi daga Jidda ya nufi filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Yana ɗauke da haja ton 35 da mutum biyar, ukku daga cikinsu ma'aikatan tuƙi. Hanyar sananniya ce ga fataken Kano da Damagaram, don ta nan yadi da turare da sauran tsarabar Makka ke shigowa kasuwar Kwari, daga nan kuma motoci su kwasa zuwa Magarya da Damagaram, har Gure.

Sa'ad da jirgin ya kusanci Njamena, babban birnin Cadi, sai injiniyan jirgi ya ji wani baƙon wari a ɗakin tuƙi. Da aka bi sawu, aka tarar daga ɗaurin kaya mai lamba 11 yake fitowa. Aka fesa wa wurin maganin kashe gobara, aka bi ƙa'idar fitar da hayaƙi, wari ya lafa, tafiya ta ci gaba. Ashe wutar ƙaiƙayi ce, tana ci ta ƙasa.

Bayan kamar sa'a guda, Kano ta ba jirgin izinin fara sauka. Nan take ƙararrawar gobara ta kaɗa, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin tuƙi, jirgi ya daina bin umurnin matuƙa. Cikin ƴan mintoci ya rikito a fadamar Kiri Kasama, kusa da Haɗeja, cikin jahar Jigawa. Mutum ukku suka riga mu gidan gaskiya, biyu suka tsira. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Binciken da hukumomin Najeriya suka gudanar ya ɗora alhakin haɗarin a kan wani abu mai haddasa zafi da aka ɓoye a tsakiyar yadin ɗauri na 11. Zafin ya haifar da hayaƙin da ya ɗauke hankalin matuƙa, daga bisani kuma abin ya fashe, ya lalata na'urorin sarrafa jirgi.

Dalilin da ya sa gobara ta fi komi muni a sama shi ne, mai mota yana iya tsayawa gefen hanya ya sauke lodi, matuƙin jirgi kuwa sai ya kai ƙasa. Kuma bai san abin da ke cikin kaya ba sai abin da takarda ta faɗa. Saboda haka hukumar sufurin sama ta duniya, OACI, ta tanadi dokoki a kan kaya masu haɗari, irin su ashana da turare mai barasa da sinadarai da batura: wajibi ne a bayyana su, a ɗaure su yadda ya dace, a liƙa musu alama.

Duniya ta sake ganin irin wannan masifa. A 1996 gobara a rumbun kaya ta kayar da jirgin ValuJet a Amurka, mutum 110 suka halaka. Ran 3 ga Satumba 2010, jirgin kaya na UPS mai ɗauke da baturan litiyom ya kama wuta, ya faɗi a Dubai yana ƙoƙarin komawa fili, matuƙansa biyu suka mutu. A 2016 OACI ta hana a yi lodin irin waɗannan batura a matsayin haja cikin jiragen fasinja.

An rushe Nigeria Airways a 2003, amma fatauci tsakanin Jidda da Dubai da ƙasar Hausa bai tsaya ba, wayoyin salula da baturansu kuwa sun shiga sahun yadi. Ɗan kasuwar da ya cusa haja cikin wata don gudun kuɗin duwan, da ma'aikacin da ya buga hatimi bai buɗe ɗauri ba, su tuna akwai ƴaƴan wasu zaune a gaban wannan lodi.