Daga teku zuwa Dallol Mawri: wuri, kuɗi da dala a bakin Arawa

1. Gabatarwa

Ƙasar Arewa ba ta da teku, amma kalmomin da ake ciniki da su a kasuwannin Dogon Dutsi da Tibiri suna ɗauke da sawun jiragen ruwa. Wannan takarda za ta duba uku daga cikinsu.

2. Hanyar wuri

Wurin da aka yi ciniki da shi daga tsibiran Maldib yake fitowa, cikin tekun Indiya. Ibn Baɗuɗa ya ga yadda ake tara shi a can, ya kuma sake tarar da shi a Gawo wajajen 1353. A wancan zamani jiragen Larabawa ke kai shi Masar, raƙuma su ƙetare Sahara da shi. Daga ƙarni na 16 Turawan Fotugal suka buɗe wata hanya, ta gaɓar Gini. Daga nan fatake suka hauro da shi. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa (1703-1731) wuri ya shigo ƙasar Hausa. A 1851 Barth ya iske ana canjin dala guda da wuri 2,500 a Kano.

3. Abin da harshe ya riƙe

(1) wuri, jam'insa kuɗi. Jam'in ya rabu da tilonsa, ya zama sunan duk abin saye. Zabarmanci ma haka ya yi: nooru na nufin wuri, yana nufin kuɗi.

(2) wuri na gugar wuri: a yau ana faɗin haka ga takardun banki, waɗanda ba sa ƙara in sun gogu.

(3) dala: asalinta azurfar Turai ce, talar. A Nijar ta koma sunan tamma biyar, kuma da ita ake lissafin sefa har yanzu.

4. Kammalawa

Da mulkin mallaka ya kori wuri daga kasuwa, sai ya tsaya a hannun masu duba da jikin kayan ƴan bori na Arewa. Matsalar ita ce tsofaffin da suka ji lissafinsa daga bakin iyayensu suna ƙarewa. Ya kamata ɗalibanmu su naɗi maganarsu tun da sauran lokaci.