Kokowa da sana'a: shawara ga samarinmu



Idan kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, sai ganga ta tashi a dandali. Samari su ɗaura walki, tsofaffi su shimfiɗa tabarma. A lokacin ne saurayi mai ƙarfi yake tambayar kansa: in riƙe gona da sana'a, ko in bi kokowa ita kaɗai? Tambaya ce babba. Mu dube ta tare.

Kokowa gadonmu ce

Babu wasan da ya kai kokowa farin jini a Nijar. An fara gasar ƙasa baki ɗaya a Tawa a shekara ta 1975, zamanin shugaba Seyni Kunce. Kantu na Maraɗi shi ne ya fara zama sarkin kokowa na ƙasa. Saboda haka filin kokowa na Maraɗi yake ɗauke da sunansa. Gasar tana zagaya jahohi, bana nan, baɗi can. Wanda ya kada kowa shi ake ba takobi.

A ganinmu kokowa abu ne mai kyau. Tana gina jiki. Tana koya haƙuri, don wanda ya sha kaye yakan tashi ya ba abokinsa hannu. Tana haɗa zumunci tsakanin Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Buzu da Babarbare. Ba mu ce kowa ya bar ta ba.

Mu yi lissafi

Ɗauki allonka. Ƙasarmu tana da jaha 8: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace jaha tana tura ƴan kokowa 10. Takwas sau goma, 80 ke nan. Takobi kuwa ɗaya ne. Mutum 79 za su koma gida babu shi.

Ƙara duba wani abu. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023. Ka ga a shekaru shida mutum guda ya tafi da shi, sauran gwanaye suna kallo. Kafin ma a kai ga 80 ɗin, samari nawa aka kada a ƙauyuka da gundumomi? Ba su ƙirguwa.

Haka abin yake a sauran wasanni. Daga farko har zuwa 2024, lamba biyu Nijar ta samo a wasannin Olimpik na duniya: Isaka Dabore ya ci ta tagulla a damben zamani a 1972, Alfaga ya ci ta azurfa a taekwondo a 2016. Tsakanin su shekara 44 ne. Ƙofar tana nan, amma ƙarama ce.

Ƙarfi baƙo ne

Ɗan kokowa da jikinsa yake ci. Ran da gwiwa ta goce ko kafaɗa ta fita, kyauta ta tsaya. Ko babu rauni, shekaru suna zuwa, yara masu tasowa su karɓi fili. Makaɗin da ya yi maka kirari jiya, gobe wani zai yi wa. Amma tela yana ɗinki da furfura a kansa. Maƙeri yana ƙira har ya ga jikoki.

Abin da muke ba da shawara

1. Kada ka bar gona. Kokowa wasan bayan girbi ce, ba ta hana shuka da noma. Kada ka sayar da gona ko ka jinginar da ita don neman sa'ar wasa. Gonar da ta fita hannu da wuya take dawowa.

2. Ka koyi sana'ar rani. Inda akwai fadama ko rijiya, ka yi lambu: albasa, tumatir, kabeji, dankali. Mutanen Galmi da albasa suka yi suna har ƙasashen waje. Inda babu ruwa, ka zauna wurin mai sana'a: gini, kafinta, walda, ɗinki, gyaran babur. Ka tambayi ma'aikatar magajin gari ko akwai cibiyar koyon sana'a kusa da ku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

3. Idan kana lakkol, ka zauna. Ka yi atisaye da marece da lokacin hutu. Idan ba ka yi lakkol ba, ga makarantar yaƙi da jahilci. Wanda ya iya karatu shi ke duba takarda kafin ya sa hannu, ba a cutarsa wurin rabon kuɗi.

4. Ka juya kyauta ta zama dukiya. A ce ka samu jika 50 a kokowar gari. Ka ba makaɗa da abokan tafiya jika 10. Ka ba gida jika 10. Saura jika 30. Ka sayi akuya da su. Jar akuyar Maraɗi takan haifi biyu. Bayan shekara uku, wanda ya rabar da nasa duka yana da labari, kai kana da garke. Ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a littafinka.

5. Ka nisanci ƙwaya. Taramol da irinsa suna ɓoye ciwo, ba sa warkar da shi. Suna kama mutum har ya kasa bari, suna jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya. Idan ka ji rauni, ka tafi gidan likita.

Ga iyaye

Uba, kada ka hana ɗanka fili da faɗa, zai tafi a ɓoye. Ka zaunar da shi ku yi shiri: damina ta gona ce, safiyar rani ta sana'a ce, marece na kokowa ne. Idan Allah ya ba shi takobi, garinku duka ya samu girma. Idan bai samu ba, rumbu yana cike, hannunsa yana da sana'a.

Ku karanta wannan a cibiyarku, ku tattauna da malaminku: a garinku, tsofaffin ƴan kokowa da me suke ci da iyalinsu yau? Ku rubuto mana amsa da hannunku.