Wa Ya Zana Zobba a Silin?

Ga kacici-kacici. Mene ne abin da kaurinsa bai fi na farce ba, yana ɗauke da kayan da ya haura kilo 20 a saman kanka dare da rana, amma da zarar ka ƙara matse shi don ya riƙe da kyau, sai ya saki? Kada ka yi gaggawa. Ajiye amsarka a aljihu, ka biyo ni wani ofis.

Sabon ofis ne mai dogon falo. An yi masa silin da allon jifsam, wannan allo mai farin gari a tsakiya da takarda gaba da baya, wanda yanzu ake yawan gani a ofisoshin Abuja da Kano. An shafa foti, an yi fenti, an sallami kowa. Bayan 'yan watanni sai zobba suka fara bayyana: ƙananan tsaga a zagaye, ko wace faɗinta bai kai na kwabo ba. A wasu wuraren fotin ya ɓalle ya faɗo, ya bar rami. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne jerinsu. Layi-layi suke, miƙe sak, tsakanin wannan da wancan kamar taƙi guda. Maigadi ya ce aikin mutanen ɓoye ne. Na yarda aljanu suna da dabaru iri-iri, amma ban taɓa jin wanda ke yawo da tef ɗin awo ba.

Mai ofishin bai wahalar da kansa ba. "Yoyo ne," in ji shi. Hujjarsa ba ta da laifi, don an shiga damina, kuma jifsam ba ya shiri da ruwa. Idan ya sha ruwa yakan yi laushi, ya yi nauyi, ya lanƙwaso, takardar ta yi tabo ruwan ƙasa. Aka kawo tsani da tocila, aka leƙa saman silin. Kwano lafiya lau. Bayan allunan kuwa ƙura ce kwance, busasshiya, ko alamar ɗigo babu. Ruwa ya fita daga zargi. To wa ya rage?

Sai kallo ya koma kan mai sayar da kaya. Wannan zargi yana da daɗin faɗa, domin kowa yana da labarin jabun da aka taɓa sayar masa. Aka lalubo guntun allo da ya yi saura a sito, aka karya shi. Cikinsa a cure yake, takardarsa manne gam, kaurinsa milimita 12.5 kamar yadda aka saya. A nan ne na tsaya tsakiyar falon na ɗaga kai, na lura da abin da duk muka tsallake. Zobban ba su cika silin ɗin ba. Daga ƙofa zuwa tsakiya sumul, ko ɗaya babu. Daga tsakiya zuwa taga kuwa sai ka ƙirga ka gaji. Allo iri ɗaya ne, mota ɗaya ta kawo shi. Ta yaya rabi zai yi jabu, rabi ya yi nagari?

Fenta fa? Shi ma an taɓa shi. Foti yakan shanye idan ya bushe, wanda ya cika rami da shafa ɗaya mai kauri zai dawo ya tarar da loma. Amma hannu ɗaya ne ya shafe falon kaf, daga bokiti ɗaya. Na hau tsani na ɗora tafin hannu kusa da wani zobe, na tura sama a hankali.

Allon ya motsa.

Ba da yawa ba, ɗan kaɗan, amma ya motsa, har gari ya zubo mini a hannun riga. A ɓangaren ƙofa na tura iya ƙarfina, ko gezau. Ke nan fenta ya tsira, don shi a kan abin da ya tarar ya shafa. Matsalar tana ƙarƙashin fotin, inda allo ya haɗu da abin da ke riƙe shi.

Duk wanda ya san aikin nan zai ce ya gano: ɗanyen katako. Shi ne tsohon mai laifi a irin wannan shari'a. Idan aka ɗaure allo a jikin katakon da bai gama bushewa ba, in ya bushe sai ya tsuke, gibi ya buɗe tsakaninsa da allon, kan sukuru ya turo foti waje. Zargi ne mai ƙarfi. Sai dai da muka sake haska tocila, babu katako ko guntu. Firam ɗin na siririn ƙarfe ne.

Sukuru ne ke nan? Iri biyu ake amfani da su: mai manyan murɗi na katako ne, mai ƙananan murɗi na ƙarfe. In ka sa na katako a siririn ƙarfe, yakan yage ramin ya ƙi kamawa. Muka kwance ɗaya daga ɓangaren taga. Mai ƙananan murɗi ne. Milimita 25. Tsawon da ya dace da allon. Kuma da ƙyar ya fito, don ya kama ƙarfen tamau.

Allo nagari. Sukuru nagari. Ƙarfe nagari. Amma allo yana lilo.

Na karɓi wuƙar foti. Na kankare kan sukuru ɗaya a ɓangaren ƙofa. Baƙin kansa ya fito, ya ɗan nutse ƙasa da fuskar allo, takarda kwance a ƙarƙashinsa ba tsaga. Na koma ɓangaren taga. Na kankare. Ban ga kai ba. Na ƙara tonawa. Can ciki na same shi, kewaye da farin gari, takardar kuwa a yage, ta yi zobe.

Takarda. Amsar kacici-kacicin ke nan.

Jifsam shi kaɗai ba shi da ƙarfin riƙe komai. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, mai hawa 10, yana hawa na 2, wato farce ma yana kartarsa. Shi ya sa tun allon farko da Augustine Sackett ya yi wa rajista a Amurka a 1894, dabarar ita ce haɗa filasta da takarda. Kan sukurun allo ba a yi shi da kaifin gefe ba, ƙasansa a lanƙwashe yake kamar bakin kakaki, don ya danna takardar ciki a hankali ba tare da ya yanka ta ba. Takardar da aka danna ita ke ɗaukar nauyin. Idan kan ya wuce ta, ya faɗa cikin garin da ya riga ya murƙushe. Sukurun yana nan daram a jikin ƙarfe, amma ba ya riƙe da komai. Allon sai ya rinƙa ɗan sauka da nauyinsa, fotin da ke bakin ramin ya tsage a zagaye. Layin zobban kuwa layin ƙarafan firam ne, tazararsu tazarar sukuru ce, wadda a silin akan bar kimanin santimita 23. Tsakanin aikin da zai yi shekara da shekaru da wanda zai zubo, bambancin bai wuce milimita guda ba.

Saura tambaya ɗaya. Me ya sa rabi?

Aka kira kafintan da ya yi aikin, ya zo da yaronsa. Ya rantse da bindigar sukuru ya ɗaura, har ya ciro ta daga jaka, mai waya, hancinta a saice. Ya duba ɓangaren ƙofa ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan aikina ne." Ya duba na taga, ya yi shiru. Yaron ne ya sosa ƙeya.

"Oga, ai ranar da azahar aka ɗauke wuta."

Babu janareta a wurin, ga shi ana son miƙa aiki. Sai suka ƙarasa da diril mai batir, irin mai bugu ɗin nan da ake ɗaure dogayen sukuru a katako da shi.

A nan bambancin injinan yake. Diril na yau da kullum yana da kuloci, amma tauri yake ji: sai abu ya yi masa gardama yake saki. Jifsam kuwa ba ya gardama, don haka diril bai san lokacin da kan sukuru ya iso takarda ba. Mai bugu ya fi muni, domin yawancinsu ba su da kulocin ma, in ya ji tauri ƙara duka yake yi. Bindigar sukuru zurfi take aunawa. Harshenta yana cikin wani hanci da ake murɗawa a saita. Injin yana iya juyawa harshen yana tsaye, sai ka danna sannan ya kama. Da hancin ya taɓa fuskar allo, sukurun ya kai zurfin da aka saita, kuloci ya saki. Ko hannunka ya gaji, ko kana tsaye a tsani wuya a karkace, na ɗari zai zauna inda na farko ya zauna.

Don haka in za ka saya, fara da hancin. Murɗa shi ka ji yana tsayawa daki-daki, kuma ba ya kwancewa da kansa. Ka tabbata yana ciruwa, don za ka buƙaci kwance sukurun da ya karkace. Sannan ka duba gudu. Na allon jifsam a kan siririn ƙarfe sukan yi juyi 4,000 zuwa sama a minti, kamar Makita DFS452 mai 4,000 ko DeWalt DCF620 mai 4,400, dukansu masu batir. Masu juyi 2,500 sun fi ƙarfin murɗa, sun fi dacewa da katako da ƙarfe mai kauri. Ka ɗaga ta sama da kanka a shagon na ɗan lokaci, domin nauyin da ba ka ji a kan kanta, kafaɗa za ta ji shi a silin. Akwai kuma masu cin sukuru a jere, ɗamara mai guda 50, suna barin hannu ɗaya ya tallafi allo. Suna da sauri ƙwarai, amma kafin ka biya ka tambaya ko ana samun ɗamarar a kasuwar garinku, in ba haka ba ka sayi ado. Wanda ɗaki ɗaya kawai zai yi ba sai ya sayi bindiga ba. Akwai ɗan harshe mai kwala da ake sa wa diril, kwalar tana tokare allo ta sa harshen ya zame daga kan sukuru, kuɗinsa kaɗan ne.

Gyaran falon bai kai ga sauke silin ba. Kusa da kowane sukurun da ya yaga takarda aka ɗaura sabo, tazarar kamar santimita 5, ana danne allon da hannu, sannan aka sake foti. Gwajin mai sauƙi ne: ja wuƙar foti a kan sukurun. In ta yi ƙas, bai shiga ba. In ka ga farin gari, ya wuce.

Bindiga mai waya ta fi sauƙin kuɗi, ta fi rashin nauyi, kuma ba ta san mutuwar batir ba. Amma inda wuta ba ta da alƙawari, shawarata ga mai wannan sana'a ita ce ya sayi mai batir, da batir biyu, irin waɗanda suke shiga sauran injinansa.