Zoɓo Mai Turare: Alƙaluman da Ya Kamata Masu Haɗi a Birnin Kudu da Gwaram Su Sani

Zoɓon da manomanmu ke shukawa a gyaffan gona yana ƙetare teku zuwa Meziko, ƙasar da ta mayar da ƙamshin hayaƙi abin sayarwa da tsada. Mu ma muna da namu hayaƙin, wato turaren randa, amma har yau da ido muke haɗa zoɓo. Alƙaluman nan za su nuna abin da rashin awo ke ci mana, a aljihu da kuma a jiki.

Kwantena 1,983, dala miliyan 35

Wannan shi ne zoɓon da hukumar killace amfanin gona ta ƙasa, NAQS, ta ce Najeriya ta tura Meziko cikin wata tara na shekarar 2017, kuma Jigawa na sahun gaba a jihohin da ke noma shi. In aka raba, kowace kwantena ta kama dala 17,650. In muka ɗauka kwantena na cin tan 12, kilo ɗaya bai kai dala ɗaya da rabi ba. A cikin wannan ɗan kuɗin ne manomi da dillali da mai mota da mai fitarwa kowa zai cire nasa. Daga baya Meziko ta dakatar da saye saboda ƙwaron hatsi da aka gano a cikin kayan, aka yi shekaru kafin ƙofar ta sake buɗewa. Duk wanda arzikinsa ke cikin buhu kaɗai, mai saye ɗaya na iya tsayar da shi.

Kilo 1, lita 40

Gram 25 na busasshen zoɓo ya isa ya rina lita ɗaya ta yi ja, ta yi tsami yadda ake so. Ke nan kilo ɗaya zai ba da lita 40, wato roba 80 ta rabin lita. Kilon da baƙo ya saya ƙasa da dala ɗaya da rabi, a hannun uwar gida mai sana'a a Birnin Kudu ko Sara, ciniki tamanin ne. Mai zuba zoɓo da tafin hannu ba ta san ko gram 25 ta zuba ko 40 ba, kuma a gram 40 kilon nata roba 50 kawai zai fitar. Roba 30 sun salwanta a tukunya ba tare da ta gani ba.

Kashi 1 cikin 4

A jihar Wahaka ta Meziko ana yin wata giya mai suna mezcal. Nau'in tsiron agabe da aka fi yin ta da shi yakan kai shekara 7 zuwa 8 kafin ya nuna, sannan a gasa zuciyarsa kwana da kwanaki a rami, bisa duwatsun da aka zafafa da itace. Daga nan ƙamshin hayaƙin yake. Giya haramun ce ga Musulmi, kuma Jigawa na ƙarƙashin Shari'a tun 2000, don haka abin ɗauka a nan awo ne kawai. A 2007 wani mai haɗa abin sha a Niyu Yok, Phil Ward, ya sabunta wani tsohon haɗi, ya sa kashi uku na giya marar hayaƙi da kashi ɗaya na mai hayaƙi, haɗin ya shahara a duniya. Dalili shi ne hayaƙi na da ƙarfi, in ya yi yawa sai ya danne sauran ɗanɗano.

Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan ƙamshi. Sukan wanke randa, su kifa ta a kan garwashin da aka barbaɗa wa kajiji, sannan su zuba ruwa. Ga yadda awon zai zauna a haɗin lita 4: zoɓo gram 100, citta gram 20, kanumfari ƙwaya 10, sukari gram 200. A dafa zoɓon da kayan ƙamshin, a tace, a tabbatar ruwan ya cika lita 3, a bar shi ya huce. Lita ta huɗu kuma dafaffen ruwa ne da ya kwana a turararriyar randa. A ƙarshe ake zuba shi, kuma ba a mayar da haɗin kan wuta, domin zafi na korar ƙamshin. Garwashin ya zama na itace mai tsabta, wanda ba a kunna da leda ko kananzir ba.

Gram 50 da gram 25

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu a yini. Ga baligi, wannan kusan gram 50 ne, ƙaramin cokali 12. Ta ƙara da cewa ƙasa da gram 25 ya fi. Lemon kwalba yakan ɗauki gram 10 zuwa 11 a kowace mililita 100, shi ya sa Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora masa harajin naira 10 a kan lita. Zoɓon gida ba mai karɓar masa haraji, amma in aka zuba masa gram 100 a lita, ya zama ɗaya da lemon kwalba, roba guda ta cinye rabon yini gaba ɗaya. Haɗin da ke sama gram 50 ne a lita, 25 a roba. A nan turaren ke biyan kuɗinsa: hanci na samun abin morewa, harshe ba ya jin an yi masa rowa.

Maki 7.2

A wani bincike na Jami'ar Tufts ta Amurka da aka wallafa a 2010, an gwada mutum 65 da jininsu ya fara hawa. Waɗanda suka sha shayin zoɓo kofi 3 kullum na mako 6, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da maki 7.2, sauran kuwa da 1.3. Binciken ƙarami ne, kuma zoɓo ba ya maye gurbin magani. Mai hawan jini ya ci gaba da ganin likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko asibiti mafi kusa. Abin lura dai, zoɓon da ke da wannan alheri bai kamata mu binne shi cikin sukari ba.

Mutum 585,000

Ƙidayar 2006 ta ba Birnin Kudu mutum kimanin 313,000, Gwaram kimanin 272,000, kuma yau sun fi haka nesa. Mu ƙaddara mutum ɗaya cikin goma ne ke buɗe baki da roba guda ta zoɓo a watan azumi. Roba 58,500 ke nan kullum, lita 29,250. A awon gram 100, sukarin ya haura buhu 58 mai kilo 50 a yini. A awon gram 50, buhu 29 ne. Cikin kwana 30 an tsira da fiye da buhu 870, kuɗinsu ya zauna a hannun masu sana'ar, cutarsu ba ta shiga jikin masu sha ba.

Kira ga iyayenmu da ƙannenmu masu wannan sana'a: ku sayi ƙaramin sikeli, ku rubuta awonku, ku riƙe shi kullum. Gram 25 na zoɓo a lita, gram 50 na sukari, rubu'in ruwan daga randa mai turare. Mai saye zai san ɗanɗanonku ya dawo nemansa, ku kuma za ku san ribarku tun kafin ku ɗora tukunya. Allah Ya sa albarka a nema.