Kano ko Kaduna? Lissafin da ɗan Lafia zai yi kafin ya ɗaure kaya

A ranar 1 ga Oktoban 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Jihar Nasarawa daga Filato, ta mai da Lafia babban birninta. Ma'aikatan gwamnati 'yan asalin sabuwar jihar da ke zaune a Jos babu wanda ya nemi ra'ayinsu. Umarni ne ya zo, suka tattara takardun ofis suka gangaro. Da yawansu sun bar iyali a Jos na tsawon lokaci saboda ƙarancin gidaje da kuma karatun yara, suna hawa Filato ranar Juma'a su sauko ranar Litinin.

Yau tafiyar ta juya. Jami'ar Tarayya ta Lafia da aka kafa a 2011, da Jami'ar Jiha da ke Keffi, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, suna yaye matasa kowace shekara fiye da adadin da sakatariyar jiha da bankunan garin za su iya ɗauka. Abuja ce ke fara zuwa a ran kowa, amma duk wanda ya taɓa kwana a Mararraba ko Masaka ya tashi da asuba don ya riga cunkoso ya san farashin zamanta. Shi ya sa in banki ko kamfanin sadarwa ko asibiti ya ce wa ɗan Lafia akwai gurbi a Arewa, sau da yawa zaɓin kan tsaya a kan birane biyu: Kano ko Kaduna.

Daga Lafia, biranen nan kamar ɗaya suke. Duk manya ne, duk Hausa ake yi a kasuwa da tasha, duk suna da filin jirgin sama da jami'o'i da asibitocin koyarwa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kilomita 230 ko makamancin haka ba. Wannan kamannin ne ke sa mutane su yanke hukunci da abu mafi sauƙin gani, wato adadin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki. Alhali shi ne abin da ya fi kowanne ƙarancin bambanci.

Albashi da abin da ke cinye shi

Bayan gwamnatin tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yulin 2024, Kano ta amince da 71,000, Kaduna ta ce 72,000, Nasarawa kuma 70,500. Bambancin bai kai kuɗin motar kwana biyu ba. Manyan kamfanoni ma matakin aiki suke biya wa, ba gari ba, don haka mai mataki ɗaya a reshen Kano da takwaransa na Kaduna kusan abu guda suke karɓa. Harajin albashi kuwa, ko da yake jihar da mutum ke zaune ita ke karɓa, dokar tarayya ce ta ƙayyade shi, babu jihar da za a gudu zuwa gare ta don a sami rangwame.

Inda bambanci yake shi ne wajen kashewa, kuma abubuwa huɗu ne ke rabon albashin ma'aikaci: haya, mota, wuta, ruwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, nisan gida da wurin aiki ya zama kuɗi tsagwaronsa. Gida mai araha a Rigasa ga wanda ofishinsa ke Barnawa a Kaduna, ko a Rijiyar Zaki ga wanda ke aiki a Bompai a Kano, yana iya fin gida mai tsada na kusa da ofis cin kuɗi idan aka haɗa kuɗin A-daidaita-sahu na shekara. Ɗan Lafia da ya saba da ɗan acaɓa ya kai shi ƙofar ofis cikin minti goma ya sani cewa an hana acaɓa a birnin Kano tun 2013. Haya kuma ta shekara ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali a kai, wanda ke nufin watannin farko bashi ne ga mafi yawan sabbin ma'aikata.

Wuta ma sai an yi tambaya unguwa-unguwa. Lafia tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Abuja, Kano tana hannun KEDCO, Kaduna kuma Kaduna Electric. Tun watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin da ake kira Band A ya ninka fiye da sau uku, don haka gidaje biyu da ke layuka daban a gari ɗaya na iya biyan kuɗin da ba su yi kusa da juna ba. Ruwan famfo bai wadaci ko ɗaya daga biranen ba. Gidan da ba shi da rijiya ko burtsatse, mai ga-ruwa ya shiga cikin masu rabon albashi ke nan.

Garin kasuwa da garin Gwamna

Duk wannan lissafin na wata-wata ne. Akwai tambayar da ta fi shi nauyi, wadda ba kasafai ake yin ta ba saboda murnar samun aiki: in aikin nan ya ƙare, wane gari ne zai ba ni na biyu? Aikin banki da na kamfanonin sadarwa da na ƙungiyoyin agaji yawanci kwantiragi ne yanzu. Wanda ya tafi yana da shekara ashirin da bakwai, da wuya ya yi ritaya a kujerar da ya fara zama.

Masana tattalin arziki sun daɗe da lura da wannan. Tun a 1890 Baturen Ingila Alfred Marshall ya bayyana dalilin da ke sa masu sana'a iri ɗaya su taru a wuri ɗaya: mai aiki yana samun ƙwararru cikin sauƙi, ƙwararre kuma in ya rabu da wannan maigida ga wani a maƙwabta, sannan dabarun sana'ar suna yawo a tsakanin mutane ba tare da an shiga aji ba. Abin dubawa a birni ke nan, ba yawan jama'arsa ba, yawan masu buƙatar irin abin da kai ka iya.

A nan Kano da Kaduna suka rabu, kuma tarihi ne ya raba su. Kano kasuwa ce ta gina ta, ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa. Har yau jinin garin yana gudana ne ta Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari da Kurmi da Dawanau, da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa. Akanta, mai tallan kayan kamfani, direban babbar mota, mai harhaɗa magunguna, mai gyaran injin, mai kula da sito, duk suna da iyayen gida da yawa da za su zaɓa. Ga ɗan Nasarawa akwai wata ƙofa ta musamman. Riɗi da agushi da ake nomawa a Doma da Lafia da Awe suna cikin kayan da 'yan kasuwar Kano ke nema, kuma riɗi kaya ne na fitarwa waje. Wanda ya san manomi a Doma ya kuma san dillali a Dawanau yana riƙe da jarin da ba a rubuta shi a takardar digiri ba. Sai dai gasar Kano ba ta wasa ba ce, kuma amana ake saye da sayarwa kafin kaya. Baƙon da ba wanda ya tsaya masa zai daɗe a bakin ƙofa.

Kaduna kuwa hukuma ce ta gina ta. Turawan mulkin mallaka suka mai da hedikwatar Arewa can daga Zungeru a 1917, ta ci gaba da zama mazaunin gwamnatin Jihar Arewa har aka ƙirƙiro jihohi a 1967. Daga nan ta gaji barikoki da makarantu da ofisoshi: Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta NDA da aka kafa a 1964, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, Asibitin Ido na Ƙasa, Asibitin Sojoji na 44, ga Zariya da jami'ar Ahmadu Bello a kusa. Malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, ɗan jarida, mai aikin bincike, da wanda ke hidima da ofisoshin gwamnati sun fi samun ƙasa mai laushi a nan. Ga kuma jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu da aka buɗe a 2016, wanda ya sa mazaunin Kaduna zai iya neman aiki a Abuja ba tare da ya tashi iyalinsa ba.

Kaduna ita ce kuma ke ɗauke da gargaɗin. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957, da UNTL da sauran da suka biyo baya, sun ja dubban ma'aikata daga Binuwai da Filato da ƙasar da yau take Nasarawa. Da masaƙun suka durƙushe a farkon shekarun 2000, waɗanda ba su iya komai ba sai aikin zare sun tarar babu wata ƙofar da za su ƙwanƙwasa, domin duk masu buƙatar sana'arsu tare suka rufe. Matatar mai da aka buɗe a 1980 ita ma ta shafe shekaru ba ta tace komai. Taruwar sana'a ɗaya a gari alheri ce muddin sana'ar na raye.

Unguwa kafin gari

A Lafia ba abin mamaki ba ne a ga Musulmi da Kirista a gida ɗaya, musamman a zuriyoyin Eggon da Alago da Migili, ana bikin Sallah tare ana na Kirsimeti tare. Wanda ya tashi a haka yana buƙatar ya san cewa tsarin zama a biranen nan biyu daban yake. Tun bayan rikicin shekarar 2000 Kaduna ta rabu bisa kogi: Musulmi sun fi yawa a arewa, irin su Kawo da Tudun Wada da Unguwar Sarki, Kiristoci sun fi yawa a kudu, irin su Sabon Tasha da Narayi da Television, ko da yake akwai unguwanni kamar Barnawa da ake zaune a cakuɗe. A Kano kuma Shari'a ke aiki tun 2000, da hukumar Hisbah, kuma Sabon Gari ce tsohuwar matattarar baƙi da coci-coci. Wannan ba dalilin tsoro ba ne, miliyoyi na zaune lafiya a duka biyun. Dalili ne na a zaɓi unguwa da ido buɗe, musamman ga mace mai aiki da za ta zauna ita kaɗai, domin masu gida da dama a biranen biyu suna ja da baya wajen ba marar aure haya.

Mai iyali kuma ya tuna da batun asali. Komai daɗewar mutum a Kano ko Kaduna, takardar shaidar ƙaramar hukumarsa ta Nasarawa ce za ta bi 'ya'yansa, kuma manyan makarantun jihohi sukan bambanta kuɗin ɗan jiha da na baƙo. Yanayi ma abin lissafi ne. Kano ta fi Lafia bushewa nesa ba kusa ba, hunturunta ya fi tsanani da ƙura, zafin Afrilu kan haura digiri 40. Kaduna ta fi Kano ruwan sama da sauƙin zafi. Mai yaro da ke fama da asma ya sa wannan a sikeli.

Hanyar gida

Ma'aikacin da ya bar Lafia bai bar hidimarta ba. Akwai suna da biki da jana'iza, akwai gonar doya da aka bar wa ƙane, akwai tsohuwa da za a kai asibiti. Don haka kuɗin zuwa gida da hatsarin hanya suna cikin farashin gari. Kaduna ta fi kusa, ko ta Akwanga da Kafanchan da Kachia, ko ta Keffi da Abuja, kuma mai da titin Keffi zuwa Makurdi tagwaye ya sauƙaƙa kashin farko na tafiyar. Kano tafiyar yini ce, ko dai a bi ta Jos da Saminaka a ratsa dajin Falgore, ko a zagaya ta Kaduna da Zariya. Kowace hanya da tarihinta. Harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris 2022 ya tsayar da zirga-zirgarsa har watan Disamba na shekarar. Direbobin tasha sun fi kowa sanin halin da hanya ke ciki a wannan watan, su ya kamata a tambaya.

Ayyukan da ake kan yi, kamar layin dogo na Kaduna zuwa Kano da bututun iskar gas daga Ajaokuta, za su iya sauya lissafin nan gaba. Amma ba a biyan hayar bana da alƙawarin gwamnati.

Wanda takarda ta zo masa, gani ya kori ji. Ya je ya kwana biyu ko uku a kowane gari a ranakun aiki, ya shiga motar haya daga unguwar da ƙarfinsa zai kai zuwa ƙofar ofis da ƙarfe bakwai na safe, ya tambayi maƙwabta wuta da ruwa ba dillali ba, ya nemi ƙungiyar 'yan garinsu ya ji ta bakin waɗanda suka riga shi. Sannan ya ɗauki biro ya rubuta sunayen wurare biyar a kowane birni da za su iya ɗaukar sa in aka sallame shi gobe. Garin da ya cika biyar ɗin ba tare da dogon tunani ba, shi ya fi cancanta ya kai iyalinsa, ko da ɗaya garin ya fi ba shi dubu ashirin a wata.