Ina Awa Huɗun Suka Shige?

Ga kacici-kacici, kuma kada kowa ya yi saurin ba ni gari. Maniyyaci ya baro Potiskum, ya bi ta Azare zuwa Kano, jirginsu ya ɗaga daga filin Malam Aminu Kano ƙarfe 8 na safe. Tikiti ya ce sauka Jidda ƙarfe 2:30 na rana. Awa shida da rabi ke nan. Ranar komowa an ɗaga daga Jidda ƙarfe 8 na safe, an sauka Kano 10:30, da sauran hantsi. Awa biyu da rabi. Jirgi ɗaya, hanya ɗaya, kimanin kilomita 3,400. Ina awa huɗu suka shige?

Wanda na fara tuhuma shi ne kaya. Sai dai duk wanda ya taɓa taryen alhazai ya ga jakunkunan tsaraba, dabino da jallabiyoyi, zik ɗin da ƙyar ya rufu. Nauyi a dawowa yake, kuma dawowar ce ta fi sauri. Na sallame shi.

To ko yaƙin Sudan? A Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma zagaye. Amma zagayen tafiya shi ne zagayen dawowa.

Iska fa? Nan zuciyata ta ɗan buga. Da damina akwai iska mai ƙarfi can sama da ke kaɗowa daga gabas, tana tura mai komowa gida. Na ɗauki biro. Jirgin fasinja kan ci kilomita 850 a awa. Kafin ya cinye tafiyar nan cikin awa biyu da rabi, sai ya haura 1,300. Ya zarce gudun sauti. Iska mintuna take bayarwa.

Saura mutum ɗaya. Yana ɗaure a hannun alhaji.

Agogo.

Jirgin awa huɗu da rabi ya yi sau biyun. Ƙasa ce ke juyawa, digiri 15 kowace awa. Jidda tana kan digiri 39 gabas, Kano tsakanin 8 da 9, tazarar kusan digiri 30. Saboda haka agogon Saudiyya ya riga na Najeriya da awa biyu, tikiti kuwa lokacin garin da aka sauka yake rubutawa. A tafiya an ɗora biyu, a dawowa an zare biyu. Ga huɗun nan cif.

Shaidar tana cikin ɗakunanmu. Da azumi, a Potiskum, talabijin na nuna masu buɗa-baki da dabino a Harami, mu ko ba a jima da idar da la'asar ba, maƙogwaro a bushe.

Kakanninmu da suka taka da ƙafa ta Borno da Chadi da Sudan su ma sun biya awa biyun nan, minti huɗu a kowane digiri, cikin watanni ko shekaru, ba wanda ya ji zafinsa. Na cikin jirgi kuwa lokaci guda ake karɓe masa, shi ya sa mai tafiya gabas zai ga la'asar ta cim masa bai daɗe da sallame azahar ba.