Garar da ke cikin azara

A gidan kakana akwai wani soro da muka taso muka tarar, rufinsa na azarar giginya, irin wadda ake cewa ta fi ƙarfin gara. Wata shekara sai aka fara ganin ɗan gari-gari yana zubowa kan tabarma. A share yau, a yi mako biyu ba a ga komai ba, sai kuma ya dawo. Kowa ya ce ƙura ce. Ranar da aka kira magini, bai ko nemi tsani ba. Sanda ya ɗauka yana ƙwanƙwasa azarun ɗaya bayan ɗaya, ya kasa kunne. Da ya zo kan ta uku, sai ta amsa masa kamar ganga. Waje sumul, ciki kuwa gara ta gama aiki.

Wannan soron nake tunawa duk lokacin da aka ɗauko zancen sankarar ƙoda a jikin manya.

Ƙoda biyu Allah Ya ba mu, kowace kamar dunƙulen hannu, suna can ta baya a ƙarƙashin haƙarƙari. A kwana guda sukan tace ruwa kusan lita 180 daga jini, su mayar da mafi yawansa, abin da ke fita fitsari bai cika wuce lita 2 ba. Tacewar a cikin wasu siraran bututu ake yin ta, kuma a bangon waɗannan bututun ne kashi 9 cikin 10 na sankarar ƙodar manya ke tsirowa. Ba ita ce irin da ke kama ƙananan yara ba, ba kuma ita ce gazawar ƙodar da ke kai mutum wankin ƙoda ba, kodayake wanda ya daɗe ana yi masa wankin ya fi wasu haɗarin kamuwa.

Abin da ya sa take yaudara shi ne wurin zamanta. Ƙarin yana da filin girma can ciki ba tare da ya takura wa komai ba. Sauran ƙodar na aiki, 'yar'uwarta ma na aiki, rufi bai motsa ba. Mutum na iya yin gwajin jini na ƙoda ya fito lafiya lau alhali ƙarin na nan. Shi ya sa a yau da yawa kwatsam ake gano ta, an je sikanin ciki don wata lalura daban. Sikanin ma, in ka lura, dabarar maginin nan ce: sauti ake aikawa, a saurari yadda zai dawo.

Garin da ke zubowa kan tabarma kuwa, shi ne jini a fitsari. Yakan zo ba zafi ba raɗaɗi, sau ɗaya ko biyu, ya ɗauke. A nan ne muke yin sake. Mun saba da tsargiya tun muna yara masu wanka a kududdufi, don haka dattijo ɗan shekara 60 zai ga jini ya ce tsohuwar tsargiya ce ta motsa, ko sanyi ne, ya aika a sayo masa ƙwaya a kemis. Jinin ya ɗauke don kansa, ƙwaya ta sha yabo. Gaskiya ne jini a fitsari ya fi yawan zama tsakuwa ko ƙwayar cuta. To amma wa ya duba? Littattafan likitanci na ambaton alamu uku: jini, ciwon kwiɓi, da kumburin da hannu ke iya taɓawa. Kaɗan ne ke zuwa da ukun a haɗe, kuma in sun haɗu galibi tafiya ta yi nisa. Wani rama ce kawai, da zazzaɓin da maganin sauro bai kore shi ba, da gumin dare.

Sankarar ta fi kama maza, kusan ninki biyu na mata, ta fi kuma yawa bayan shekara 60. Taba sigari, ƙiba da hawan jini duk suna buɗe mata ƙofa, akwai kuma 'yan gidajen da ake gadonta. Ƙididdigar duniya ta 2022 ta nuna sababbin kamu sama da 430,000.

Magini kan yanke wurin da gara ta ci in ɓarnar ƙarama ce, ko ya zare azarar ɗungurungum. Haka likitan tiyata: ƙarin da bai wuce santimita 4 ba sau da yawa shi kaɗai ake yankewa a bar ƙodar, babba kuwa a cire ta duka. Ba sabon aiki ba ne. Tun 1869 wani likitan Jamus, Gustav Simon, ya cire wa wata mata ƙoda a Haidelbag, matar kuma ta rayu. In an makara, sankarar kan bi jijiyar jini kamar yadda gara ke gina hanyar ƙasa a jikin bango, ta ɓulla a huhu, ƙashi ko hanta. A nan ƙarin ruwan da aka saba yi wa masu sankara bai cika tasiri ba. Sai magungunan da ke toshe jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin, irin su sunitinib da aka amince da shi a 2006, ko masu zaburar da garkuwar jiki. Suna ƙara kwana da izinin Allah, amma kuɗinsu kan ci gona.

Kwatancen nawa ya gaza a wuri biyu. Gara daga waje take zuwa, sankara kuwa tsokar mutum ce ta bijire, ba a ɗauka, ba kuma jifa ba ce. Sannan azara in an zare ta sai an kawo wata, ita kuwa ƙodar da ta rage kan ƙara girma ta ɗauki nauyin biyu, mutum ya ci gaba da noma da kasuwarsa.

Baba, Inna, in kun ga jini a fitsari ko da sau ɗaya ne, kada ku jira ya dawo. Ku je asibiti, ku ce a duba fitsarin, a kuma yi sikanin ƙoda da mafitsara.